Awon Guba A Cikin Wake Da Gyaɗa

Kaka ta yi a ƙasar Gwandu. Gero ya shiga rumbu, an rore wake an buge, gyaɗa tana shanye a fako. 'Yan kasuwa sun fara bin ƙauyuka, daga Dodoru zuwa Kambaza da Dalijan, suna sayen wake mudu-mudu suna ɗurawa a buhu, don su ajiye har bazara sa'ad da kuɗinsa zai tashi. Manomin da ya sami hali shi ma ya kan ɓoye buhu ɗaya ko biyu saboda wannan rana.

Amma kowane mai wake ya san abokin gabarsa. Ƙwaron wake tun a gona ya ke saka ƙwai a jikin kwanso, ya biyo amfani gida ba a sani ba. Cikin wajen wata guda ya ƙyanƙyashe, ya girma, ya sake yin ƙwai. In aka bar buhu haka nan wata huɗu ko biyar, sai a buɗe a tarar da huji da gari. Wannan shi ya sa mutane da yawa su ke miƙa hannu ga kwalba. Wani ya yayyafa fiya-fiya, wani Sniper, galibi kuwa abin da ke ciki ɗaya ne, shi ne wanda a ke rubuta DDVP a jikin takardarsa.

In malamin gona ya yi magana, amsar da ya saba ji ita ce, "Haba Malam, shekara nawa muna ci, wa ya mutu?" Wannan tambaya ba ta raini ba ce, ba ta kuwa cancanci faɗa ba. Ita ce ainihin tambayar da masana ilmin guba su ke yi a ɗakunan gwaji, watau wane yawa ne ke cuta, wane ne ba ya cuta. Inda suka rabu shi ne, ɗan kasuwa da mudu ɗaya ya ke auna kowace guba, mutuwa nan take. Su kuwa masana suna da ma'auni uku ko huɗu, babban aikinsu kuma shi ne zaɓen wanda ya dace da gubar da ke gabansu. In aka ɗauki wanda bai dace ba, lissafi ya fita daidai a takarda, mutane kuwa su cutu.

Ƙirgar gawa

Akwai wani likita mutumin ƙasar Suwizalan, ana ce da shi Paracelsus, ya rasu a 1541. Shi a ke jingina wa maganar nan cewa yawa ne ke raba magani da guba. Ko matan gida sun san haka. Gishiri kaɗan ya gyara miya, cikin ludayi ya ɓata ta.

To, yaya a ke gano yawan? A kan sami ɓeraye irin na ɗakin gwaji a kasa su kashi-kashi. Kashi na fari ba a ba su kome, na biyu a ba su kaɗan, na uku a ninka, haka har na ƙarshe. Kowane ɓera gwargwadon nauyinsa a ke auna masa, shi ya sa kullum a ke cewa miligiram kaza ga kowane kilo na nauyin jiki. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Ƙwayar gero guda ta kan kai wajen miligiram 8, mai karatu ya riƙe wannan, za a bukace shi gaba.

A 1927 wani masani a Ingila, J. W. Trevan, ya fito da awon da aka fi sani, shi ne yawan da zai kashe rabin dabbobin da aka ba. Bisa irin wannan awo Hukumar Lafiya ta Duniya ta ke kasa magungunan ƙwari aji-aji, daga nan kuma zanen launin da ke gindin takardar kwalba ya samo asali: ja ga mafi haɗari, sa'an nan rawaya, sa'an nan shuɗi, sa'an nan kore. DDVP yana cikin aji na biyu daga sama. Awon yana da amfani ƙwarai ga mai feshi, domin yana gaya masa irin macijin da ya riƙe a hannu. Amma gawa kaɗai ya ke ƙirgawa, daidai da mudun ɗan kasuwa. Ba ya cewa kome game da yarinyar da ke cin ƙosai ko alale kowace safiya shekara goma.

Dokin ƙofa

Don a amsa zancen wannan yarinya, sai aka canja gwaji. Ba a ba ɓera da yawa sau ɗaya, ana ba shi kaɗan-kaɗan cikin abinci kullum, wani gwajin wata uku, wani shekara biyu, watau kusan dukan rayuwarsa. Ba a jiran ya mutu. Ana duba jininsa, da hantarsa, da ƙodarsa, da haihuwarsa. Abin da a ke nema shi ne yawa mafi girma wanda aka ba shi ba a ga wata illa ba.

Hujjar wannan hanya kamar ruwan sama ne da dokin ƙofa. Ruwa ya kan zuba a tsakar gida, rariya tana janye shi, ba ya shiga ɗaki sai ya taru ya haye dokin ƙofa. Haka jiki ya ke da guba iri-iri. Hanta tana farfasa ta, ƙoda tana fid da ita, muddin abin da ke shiga bai fi ƙarfinsu ba, ɗaki a bushe ya ke. DDVP irin wannan ne. Aikinsa shi ne ya toshe wani sinadari da ke sa jijiya ta saki bayan ta motsa, shi ya sa wanda ya sha da yawa ya ke dalalar da miyau, ya yi gumi, ya yi amai da zawo, ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashi ya gagara. Amma jiki ya kan farfasa shi da sauri, saboda haka yana da dokin ƙofa.

Sai dai mutum ba ɓera ba ne, mutane kuma ba ɗaya su ke ba. A 1954 waɗansu masana biyu na hukumar abinci da magani ta Amurka, Lehman da Fitzhugh, suka ba da shawarar a raba yawan nan da ba a ga illa ba kashi 100. A yau ana fassara shi da goma sau goma: goma saboda mai yiwuwa mutum ya fi ɓera rauni, goma kuma saboda a cikin mutane akwai jariri, da mai ciki, da tsoho, da mai jinya. Abin da ya rage bayan rabon shi ne rabon yini, watau abin da mutum zai iya ci kullum har tsawon ransa ba tare da tsoro ba. Tun 1963 akwai wani taron masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aikinsa ke nan, ya tsai da wannan rabo ga kowane maganin ƙwari.

Ga DDVP sun tsai da miligiram 0.004 ga kowane kilo na jiki a yini. Abin lura, a nan goma kawai suka raba, ba ɗari ba, domin gwajin da suka dogara da shi a kan mutane aka yi, mazaje masu lafiya waɗanda suka yarda aka gwada. Tun da ba daga ɓera aka tsallako ba, goman farko ya faɗi. Magidanci mai nauyin kilo 60 rabonsa miligiram 0.24 a yini. In aka raba ƙwayar gero kashi talatin da ɗoriya, kashi ɗaya ke nan. Yaro mai kilo 15 rabonsa 0.06, rubu'in na ubansa. Suna kuma da wata lamba dabam, ta cin yini ɗaya tak, ita ce miligiram 0.1 ga kilo, watau miligiram 6 ga magidancin nan.

Yanzu a gwada waɗannan lambobi da waken ƙasar nan. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, bayan an auna waɗansu kaya an sami DDVP daga miligiram 0.03 har 4.6 cikin kowane kilo na wake, alhali iyakarsu 0.01 ce. Daga baya sun ƙara wa'adin hanin fiye da sau ɗaya. A ɗauki waken nan mafi muni, mai 4.6. In magidanci ya ci rubu'in kilo, ya haɗiye miligiram 1.15. Wannan bai kai 6 ba, saboda haka ba zai faɗi a ranar ba, zai tashi ya tafi kasuwa ya ce wa ya mutu. Amma ya kusa ninka rabon yininsa sau biyar. Yaronsa da ya ci giram 100 ya kusa ninka nasa sau takwas. Ashe ɗan kasuwa da malamin gona duk gaskiya su ke faɗi, kowa da mudun da ya ɗauka.

Ya kamata a faɗi abin da ke sassauta lissafin. DDVP ya kan bi iska in wake ya daɗe, wanki da dahuwa kuma suna rage shi sosai. Amma ba mai iya sanin yawan da aka fara da shi. Mai zubawa da murfin kwalba ya ke awo, in ma ya auna. Manomi ya zuba, ɗan kasuwan ƙauye ya saya ya ƙara don bai sani ba, babban ɗan kasuwa a birni ya ga ƙwaro ɗaya ya sake ƙarawa ana gobe za a fid da kaya. Buhu ɗaya, hannu uku. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na wannan magani a kasuwanni da kantuna.

'Yan kasuwa da malaman ofis su lura da wani abu game da lambar nan ta Turai. Ita 0.01 ba daga gwajin ɓera aka samo ta ba. Al'adarsu ce, in ba su yarda da amfani da wani magani ga wani amfanin gona ba, sai su sa iyakar can ƙasa, kusa da ƙarshen abin da na'ura ke iya gani. Miligiram ɗaya ke nan cikin buhu mai kilo 100. Wanda ya zuba magani ko kaɗan ya rasa wannan kasuwa, ko da kayansa ba za su kwantar da kowa ba.

Akwai kuma gubar da ke da dokin ƙofa amma rariyarta a toshe ta ke. Tsofaffin manoma sun tuna Gamalin 20, wanda waɗansu har kifi su ke kashewa da shi a fadama. Shi ba ya fita da sauri, a kitse ya ke kwanciya, ya bi nono zuwa ga jariri, na jiya ya tarar da na shekaranjiya. Da yayyafi kogi kan cika. NAFDAC ta sa shi cikin magunguna 30 da ta hana a 2008, a 2009 kuma ƙasashen duniya suka sa shi cikin yarjejeniyar Stockholm ta kawar da irin waɗannan guba. In har yanzu wani ya nuna wa manomi shi a kasuwa, haramtaccen kaya ne.

Jaki da kaya

Hanyar neman yawan da ba a ga illa ba ta yi aiki shekaru da yawa, har yau ana aiki da ita, amma tana da rauni. A ce mutum yana son ya san kayan da jaki ke iya ɗauka. Ya ɗora masa tiya 10 ya tafi lafiya, ya ɗora masa tiya 100 ya durƙushe. Sai ya rubuta cewa iyakar jaki tiya 10. Wani kuma ya gwada 60 da 100, ya rubuta 60. Jaki ɗaya, amsa biyu, domin amsar ta rataya ga lambobin da mai gwaji ya ga dama ya zaɓa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne zancen yawan dabbobi. In guba tana cutar da ɗaya cikin ashirin, mai gwaji kuwa ɓera biyar ya sa a kowane kashi, mai yiwuwa ne ƙwarai bai ga kome ba, ya ce babu illa. Wanda ya sa hamsin zai gani. Watau mai ƙwauron gwaji shi ke samun lamba mai daɗi, mai himma ya sami mai tsanani. Ma'aunin da ke saka wa rago da alheri ba a sake jiki da shi.

A 1984 wani masanin lissafi a Amurka, Kenny Crump, ya kawo gyara. Ya ce kada a ɗauki kashi ɗaya a watsar da sauran. A zana sakamakon dukan kashi a takarda, yawan guba a kwance, yawan illa a tsaye, a ja layin da ya fi dacewa da su duka. Sa'an nan a zaɓi wata 'yar illa da aka amince a tsaya a kanta, galibi goma cikin ɗari, a karanta daga layin yawan gubar da ke kawo ta. Tun da kowane gwaji yana da shakka, ba a ɗaukar lambar tsakiya, ta ƙasa a ke ɗauka. In dabbobi kaɗan ne shakka ta yi faɗi, lambar ƙasa ta ƙara sauka, rago ya sha hukuncinsa. Daga wannan lamba a ke yin rabon nan na goma da goma. A zamanin da, lissafin yana da wuya, yanzu kwamfuta ke yi. A 2020 hukumomin nan biyu na Majalisar Ɗinkin Duniya sun sabunta littafinsu na ƙa'idojin awon guba cikin abinci, suka fifita wannan hanya duk inda sakamakon gwaji ya isa a ja layi. Inda bai isa ba, a koma ga tsohuwar hanya.

Gubar da ba ta da dokin ƙofa

Duk abin da aka faɗa a baya ya tsaya ne a kan cewa akwai yawan da ba ya cuta. To, akwai gubar da masana ba su yarda tana da shi ba, kuma tana nan cikin rumbunan Dodoru ba wanda ya saye ta da kuɗi. Ita ce gubar funfunar gyaɗa da masara, wadda a ke kira afulatoksin.

An gano ta ne bayan abin da ya faru a Ingila a 1960, inda talo-talo wajen 100,000 suka mutu saboda an ciyar da su tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Nan da nan masu sayen gyaɗa a Turai suka shiga awo, a Samaru kusa da Zariya kuma aka shiga binciken yadda funfunar ke kama gyaɗar Arewa. Abin da aka gani shi ne, ta fi samun hanya ga gyaɗar da fari ya matsa a ƙarshen damina, da wadda fartanya ko gara ta fasa wa kwanso, da wadda aka tara ba ta bushe ba. In an ci da yawa tana kisa nan take. A ƙasar Kenya a 2004 mutum 317 suka kwanta saboda masara mai funfuna, 125 suka rasu.

Amma ba wannan ne babban tsoronta ba. Kaɗan ɗinta in ya isa hanta ya kan manne wa ƙwayar halitta ya ɓata rubutun da ke cikinta, daga ɓarna ɗaya kuwa ciwon daji na iya tasowa bayan shekaru. Misalinta kamar tafiya ba takalmi ce a gonar da aka warwatsa ƙaya. Mutum na iya yin taki ɗari bai taka ba, wani ya taka a taki na uku. Babu adadin takin da za a ce wa mutum wannan kam ba kome, abin da za a ce kawai shi ne, gwargwadon yawan taki gwargwadon haɗari. Saboda haka masana ba su tsai da rabon yini ga afulatoksin ba. Waɗansu su kan ja miƙaƙƙen layi daga inda aka ga illa har zuwa sifiri, su lissafa mutum nawa cikin dubu ɗari za su kamu a kowane yawa. Waɗansu kuma, kamar hukumar abinci ta Turai tun 2005, su kan auna tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke ci da lambar nan ta Crump, su ce in tazarar ba ta kai ninki 10,000 ba akwai abin damuwa.

Lissafin ya nuna wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Gubar ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B. A lissafin 1997 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce wajen ninki 30, da suka sake lissafi a 2016 suka ce wajen ninki 16. A Nijeriya kuwa binciken ƙasa na 2018 ya sami wannan ƙwaya ga wajen mutum 8 cikin kowane baligi 100, da yawansu ba su sani ba. Allurar rigakafinta tana cikin alluran jarirai tun 2004. Uban da ya kai jaririnsa aka yi masa ita ya rage masa haɗarin gyaɗa, ko da ya ke ba zai taɓa kawo wa ransa alaƙar ba.

Tun da babu yawan da ba ya cuta, kowace ƙasa sai ta sa iyakar da ta ga za ta iya tsarewa. Turai ta sa kashi 4 cikin biliyan ga gyaɗar da za a ci kai tsaye, ƙa'idar ciniki ta duniya ta sa 15 ga wadda za a sarrafa, Amurka ta sa 20. Ashirin ɗin nan miligiram 2 ne cikin buhu mai kilo 100, rubu'in ƙwayar gero.

Abin takaici a nan shi ne inda muguwar gyaɗa ke zuwa. A kan tsince mai kyau a kai kasuwa, tsumburarriya da mai ɗaci da mai baƙi-baƙi a bar ta gida, a yi ƙuli-ƙuli da kunun yara, ko a zuba wa dabbobi ta dawo ta nono. Gubar kuwa ba a ko'ina cikin buhu ta ke daidai ba, cikin 'yan ƙwayoyin nan marasa kyau ta fi taruwa. Dahuwa ba ta kashe ta, suya kaɗan ta ke ragewa. Watau an sayar wa baƙo mai lafiya, an tara wa iyali gubar buhu duka a kwano ɗaya.

Darasin Zamfara

Kada a zaci masana ba su kuskure wajen zaɓen ma'auni. Dalma ta nuna haka. Shekaru da yawa ana ɗaukarta mai dokin ƙofa, har an tsai da mata rabon mako. A Amurka lambar da a ke ɗauka abin damuwa a jinin yaro 60 ce a shekarun 1960, ta sauko 25 a 1985, ta sauko 10 a 1991, ta sauko 5 a 2012, ta sauko 3.5 a 2021. Duk lokacin da aka duba ƙasa da iyaka sai a tarar har can ma tana rage kaifin ƙwaƙwalwar yaro. A 2010 masanan Majalisar Ɗinkin Duniya suka janye rabon makon gaba ɗaya, suka ce ba su sami yawan da za su kira lafiya ba.

A wannan shekara ce aka gano abin da ya auku a maƙwabciyarmu Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Ana kawo dutsen zinariya mai dalma cikin gida, a daka, a niƙa a injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Na'urar awon jini da likitoci suka zo da ita tana tsayawa a 65, yara da yawa sun wuce abin da ta ke iya karantawa. Waɗanda suka mutu an ƙirga su. Waɗanda suka rayu da ragin fahimta, mudun "wa ya mutu" ba ya ganinsu. Saurayin da ya tafi cin rani wurin haƙar zinariya kada ya kawo dutse gida, kada kuma ya shiga cikin yara da tufafin aiki.

Abin da ke hannun manomi

Ga wake, hanya mafi sauƙi ita ce a bar lissafin duka ta wurin barin magani. Buhun nan mai ninki uku da a ke kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Afirka ta Yamma daga 2007 tare da cibiyoyin binciken gona, leda biyu ne masu kauri a ciki da buhun saƙa a waje. A bushe wake sosai, a duba leda ba huji, a matse iska, a ɗaure kowace leda dabam. Ƙwaro ya shanye 'yar iskar da ta rage ya mutu. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba, a kuma ɗora shi bisa katako nesa da ɓera. Duro ko jarka mai murfi gam, in an cika ta fal, aiki ɗaya ta ke yi. Mai 'yan mudu kaɗan na iri ya cuɗa da tankaɗaɗɗiyar toka daidai yawan waken.

Ƙwayar Phostoxin aikin wanda aka koya wa ne. Ƙwaya mai giram 3 tana sakin giram ɗaya na iska mai kisa, iskar kuwa ba ta san buhu ba, ba ta san bango ba. Ba a sa ta a ɗakin da mutum ko dabba ke kwana, ko ɗakin da ke jingine da shi.

Ga gyaɗa da masara, kowace muguwar ƙwaya da aka fitar taki ɗaya ne aka rage cikin gonar ƙaya. A cire gyaɗa kan kari, a shanya bisa tabarma ko tamfol ba a ƙasa ba, a bushe har ta yi ƙara in an girgiza, a tsince marasa kyau a binne ko a ƙone. Akwai kuma Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar. Funfuna ce marar guba a jikin ƙwayar dawa, ana watsa kilo 10 a hekta mako biyu ko uku kafin fure, ta riga muguwar kama wuri.

Masu albasa da tumatir da shinkafa a fadama su duba kwanakin jira da ke rubuce a jikin kwalba, tsakanin feshi na ƙarshe da girbi. Daga lissafin dokin ƙofa aka fid da su. Wanda ya ninka awo, ko ya yi feshi yau ya kai kasuwa gobe, ya rushe lissafin.

In kuwa tsautsayi ya faɗa, wani ya sha ko ya zube masa a jiki, a tuɓe masa tufafi, a wanke shi da ruwa da sabulu, a fid da shi cikin iska. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a tilasta masa amai, domin yana iya shaƙewa abin ya gangara huhu. A garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da kwalbar, domin daga takardar jikinta likita zai san ko allurar atirofin zai yi masa ko wani abu dabam.